Tashar da Take Nuna Dawuda

Talata, bayan la'asar. Tambuwal.

Namadi na Jabo ya dawo. Da hantsi ya shigo shagona, ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Tare suka tafi Libiya da yayana Dawuda shekarar da ta wuce waccan, shi yana birkila, Dawuda yana walda. Ya zauna kan bencin da nake gyaran risibar dish, na miƙa masa ruwa ya ƙi karɓa sai da ya gama abin da ya kawo shi.

Ba zan rubuta abin da ya faɗa ba. Abu ɗaya na riƙe. Na ce, "Ka gani da idonka?" Ya ce, "Ban gani ba, Arzika. Mota ɗai nig ga ta tafi da su." To ai mota takan tafi da mutum ta kuma dawo da shi. Na roƙe shi kada ya je Kebbe wurin su Inna tukuna. Ya ce to.

Bayan fitarsa wani ya kawo rimot wai ba ya aiki. Batir ne ya sa a juye. Na yi masa faɗan da bai cancanta ba, har maƙwabcina mai faci ya leƙo.

Laraba, da safe.

Ban je Kebbe ba.

Alhamis, azahar.

Zahara'u matar Dawuda ta kira ni, muryarta na rawa don murna.

"Maigida ƙarami, kana ina? Maza ka zaka gida. Mun gan shi!"

Na ce a ina. Ta ce a talabijin. Ta ce tana neman tashar Makka ta wuce ta, sai ta faɗa kan wata tashar labarai ta Larabawa, sai ga shi zaune cikin mutane. Na ce ta tabbata? Ta ce, "Kai, mijin nau zan kasa ganewa? Ko ƙeyatai nig gani na san ta."

Na rufe shago. Sai da na hau babur na lura ban sa takalmi ba.

Juma'a, bayan masallaci. Kebbe.

Na gan shi. Shi ne.

Maza ne baƙaƙe an zaunar da su a ƙasa gindin wani bango, shi yana can gefe da riga ruwan ɗorawa. Ya ɗago kai, ya kalli mai ɗaukar hoton, ya sunkuyar. Shi ke nan. Kafin ka shanye kofin ruwa an wuce zuwa wani abu. Na durƙusa gaban talabijin ina kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Dish ɗin gidanmu Dawuda ne ya ƙera shi da hannunsa kafin ya tafi, ƙato na raga, yana tsaye bayan rumbu ya ɗaga baki sama kamar ƙwaryar tarar ruwa. Mahaifinmu Malam bai taɓa son sa ba. Ya haƙura ne kawai don ana ganin sallar Harami a cikinsa. Yau har ƙofar ɗaki ya zo ya tsaya da carbinsa, ya saurari mai karanta labaran, ya ce ba zancen mutanen da ke cikin hoton take yi ba, zancen yaƙin take yi gaba ɗaya. Ya koma zaure wurin ɗalibansa.

Inna kuwa ba ta ko fuskanci talabijin ɗin ba. Ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta zauna a kaikaice tana ɓarar gyaɗa, wai ita iskar fanka ta shigo sha. Da aka wuce wurin sai ta ce wa tasar gyaɗar, "Wancan na gefe bai rame ƙwarai ba."

Asabar, magariba.

An sake nuna shi da safe, an sake da yamma. Inna ta ce, "Yau ma shina nan."

Inuwar bangon tana wuri ɗaya, da safe da yamma. Ni kaɗai na lura.

Lahadi, hantsi.

Na san aikin mutanen nan. Shekara nawa ina kafa wa mutane dish, ina zama ina jiran hoto ya tsaya? In suka samu hoto guda, sai su yi ta liƙa shi bayan kowane labari har ya tsufa. Akwai wata ƙonanniyar mota da na kalla tun farkon damina, kullum tana ci da wuta, har yau ba ta gama ƙonewa ba. Hoton Dawuda zai iya zama na shekaranjiya. Zai iya zama na kafin abin da Namadi ya faɗa.

Inna ta sa an toya masa an raba wa maƙwabta, sadakar godiya. Mata sun cika ɗaki suna jiran lokacin labarai, da ya fito suka ɗauki kabbara. An miƙo mini masa, na ci. Wallahi kamar ina tauna auduga.

Laraba, bayan isha'i. Tambuwal.

Na kafa wa wani ma'aikacin sakatariya dish. Ƙwallo yake so da fina-finan Indiya. Ya tsaya a kaina yana koya mini aikina, wai a Sakkwato ba haka ake yi ba. Na miƙa masa sifana na ce bismilla. Ya koma ɗaki ya bar ni da aikina.

Na hango Namadi a tashar mota, na bi ta bayan masu lemo.

Juma'a, la'asar. Kebbe.

Hadarin daren jiya ya ture dish. Tun asuba Zahara'u ke kira, talabijin ya zama shuɗi, Inna ta ƙi karyawa wai cikinta ne ba daɗi. Hanya duk ta cabe, sau biyu ina sauka ina tura babur cikin laka.

Aikin nan mutum ɗaya ba ya yin sa. Mai juya dish yana waje, ba ya ganin komai sai ƙarfe da sama. Dole wani ya zauna gaban talabijin yana faɗa masa. Da can Dawuda ke juyawa ni ina ciki. Yau ni ne a waje, Zahara'u ke kira ta taga.

"Babu. Babu. Ya ɗan motsa! Koma baya kaɗan. A'a, ka wuce. Kai wane irin gwani na, hannunka na rawa awa na tsoho?"

Na ce in ta iya ta fito ta riƙe. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin azumi.

Kowane tauraron ɗan'adam na yi masa alama da farin fenti a jikin ƙarfen da dish ke juyawa a kai, na Larabawa ta gabas, na Masar ya ɗan karkata yamma. Amma alama kusa kawai take kai ka, saura sai haƙuri, faɗin ƙwayar gero ma ya isa ya raba ka da hoto. In ka ga masu karatun Alƙur'ani da tseren raƙuma sun fito, ka san inda kake. Suka fito. Na ɗaure noti. Da yamma aka nuna shi, Inna ta nemi tuwo.

Na gyara musu abin da zai ci gaba da ruɗinsu, kuma an yi mini sannu da aiki.

Asabar.

Rigar nan dai. Bangon nan dai.

Litinin, azahar.

Tashar ta ɓace. Ba iska ba ce wannan karon, sauran tashoshi duk suna nan, ita kaɗai ce babu. Haka suke yi, ka kwana da tasha ka tashi ta yi ƙaura zuwa wani tauraro ko ta sauya lamba, ba sallama. Na ce wa kaina Allah ne ya kawo mini mafita, in ce musu ta mutu kowa ya huta.

Sai Inna ta aiko a kira ni. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Larabawan ga masu surutu, sun gaji na?" Na ce sun tashi ne, Inna. Ta ce, "Ai kai ka san inda suka zuwa."

Na ce zan duba.

Talata, bayan magariba. Tambuwal.

Na kira Ɗanmaliki a Sakkwato, shi ne babbanmu a wannan sana'a, duk tashar da ta motsa yana da labarinta kafin gari ya waye. Ya ce ta koma na Masar, ya karanto mini sabuwar lambarta. Ya ce, "Mi kaka nema ga tashar ga? Ba ta da ƙwallo, ba ta da fim." Na ce kwastoma ne ke so.

Laraba, la'asar. Kebbe.

Na karkata dish zuwa yamma. Inna ta fito da buta ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ba arewa anka ce garin yake ba? Mi ya sa kaka juya shi yamma?" Na fara yi mata bayanin cewa dish ba garin yake kallo ba, wani abu yake kallo a sama. Na ga idonta, na bari. A wurinta taga ce, in an buɗe ta daidai sai a hango shi.

Mun kama. An nuna shi. Yanzu babu tashar Makka a gidan Malam, kuma Malam bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi tsorata ni da komai.

Alhamis, da safe.

Ban yi barci ba. Na gaji da zama wanda ya sani.

Asabar, bayan la'asar.

Magana ta iso. Daga Jabo zuwa Kebbe ba nisa ba ne a bakin mutane. Malam ya sallami ɗalibai da wuri, ya kira ni zaure, ya sa na zauna kusa da buzunsa, wurin da ban taɓa zama ba.

"Ɗan Jabo ya yi magana da kai?"

Na ce ya yi.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya carbi ya ce, "Ni ban san aikinku ba. Kai ka sani. Hoton ga, na yau na, ko tsoho na?"

Na ce, "Yau sunka aiko shi, Malam."

"Ba shi nit tambaye ka ba."

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Arzika, akwai ɗiyar mutane cikin gidan ga. In matar aure ta, mu sani. In mai takaba ta, kowace rana da tay yi ado ta fita unguwa, wuyanmu take. Ba ni yanke hukunci da mota da wani yag gani, ba ni kuma yanke shi da hoton da ban san ranatai ba. Ka samo mani gaskiya."

Na ce ya ba ni kwanaki. Da zan tashi ya ce, "Ka ci abinci?" Muryarsa ta karye a kan wannan 'yar tambayar, na fita da sauri don kada in ga fuskarsa.

Lahadi.

Ina zan samo gaskiya? Sifana gare ni da waya.

Talata, magariba.

Sun daina sa hoton. Yaƙin ya koma wani gari, sun samu sababbin hotuna. Inna ta zauna tun labaran safe har na yamma, man janareto ya ƙare na ƙaro. Da aka gama ta ce, "Wataƙila an ɗauke su zuwa inuwa. Rana ta yi yawa wurin ga."

Zahara'u ta tashi ta kashe talabijin. Kwana biyun nan ta daina tsokanata. Ina jin ita ma ta daɗe da lura da inuwar bangon.

Laraba.

Babu.

Alhamis.

Babu. Na bi tashoshin na Masar ɗaya bayan ɗaya, na koma na Larabawa, na sake dawowa. Masu wa'azi, masu tallar turare, masu dafa abinci. Duniya tana ta harkarta.

Juma'a, bayan isha'i. Tambuwal.

Na gaya wa Ɗanmaliki gaskiya. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce akwai wata tasha a kan wani tauraron Turawa, su ba sa gutsure hoto, yadda aka ɗauko haka suke sakinsa. Ya ce a ƙasarmu da ƙyar yake kamuwa, sai babban dish, sai kuma da sanyin safiya in sama ta yi garau. Ya ba ni lambar. Ya ce, "Amma Arzika, ka tabbata kana son gani?"

Ban tabbata ba. Na rubuta lambar a tafin hannuna.

Lahadi, hantsi. Kebbe.

Ya kamu, amma da wahala. Inda tauraron yake, ƙarfen da Dawuda ya yanka bai ba da wurin ɗaure noti ba, dish ba ya tsayawa da kansa. Sai na tallabe shi da kafaɗa da hannu biyu, in na yi numfashi da ƙarfi ma hoton ya farfashe. Don haka ni ina waje ina riƙe, Zahara'u tana ciki tana kallo, har labaransu su ƙare. Ba ta jin yarensu, ni ma ba na ji. Ba yare muke nema ba.

Yau ba su nuna komai ba sai manya cikin kwat suna gaisawa. Kafaɗata ta kumbura.

Litinin, da safe.

Haka dai. Inna ta ce in sa tsumma a kafaɗa.

Laraba, azahar.

Inna ta tafi gidan suna tun da sassafe. Malam yana zaure. Na tallabi dish.

Zahara'u ta ce, "Babu. Ɗaga kaɗan. Riƙe nan." Na riƙe. Aka daɗe. Tantabaru suna ta yawo a kan rumbu. Sai na ji ta ce, "Ga bangon! Ga su nan!" Sannan a hankali, "Wanga ya fi tsawo. Ba su yanke ba."

Na ce, "Mi kika gani?"

Ta ce, "Riƙe."

Ta taga ina jin hayaniya, maza suna tsawa, ƙarar mota. Sai wata ƙara. Ba zan rubuta ta ba. Ƙarfen ya fara zame mini, na san hoton yana farfashewa, na danne da duk ƙarfina don kada ya ɓace mata, ban san ko taimakonta nake yi ko cutarta ba. Na kira ta, shiru. Na sake kira, shiru. Ina iya sakin ƙarfen in ruga ciki, amma da na saki babu abin da zan tarar sai shuɗi. Na tsaya ina kallon sama, gumi na shiga mini ido.

Can ta ce, "Saki, Arzika."

Na saki. Dish ya sunkuya da kansa.

Ta fito ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta shiga ɗakinta. Da ta sake fitowa babu 'yan kunne, babu sarƙa, ta sauya zane zuwa wani tsoho. Ta je bakin zaure ta durƙusa daga bayan asabari. Ban ji abin da ta ce ba, gajere ne. Na ji Malam ya ce innalillahi, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

Inna ta dawo da ƙullin goro da alawar suna a hannu. Tun daga ƙofa ta ce, "Kun kama?"  Ta dubi dish a sunkuye, ta dube ni, ta dubi kunnuwan Zahara'u. Ta ajiye ƙullin a kan turmi a hankali, kamar abin da zai fashe. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Alhamis.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Babu gawa, babu makara, sai mutane.

Juma'a, bayan masallaci.

Namadi ya zo gaisuwa. Malam ya tambaye shi ranar da motar ta tafi da su, don a san daga inda Zahara'u za ta fara lissafin takaba. Ya ce cikin goman farko na azumi ne.

Ke nan ranar da muka raba masar sadaka, da ranar da mata suka yi kabbara a ɗakin Inna, da duk safiyar da aka ce yau ma yana nan, ya riga ya daɗe da barin duniya. Ba wanda ya faɗi haka a tabarma, amma kowa ya lissafa a ransa.

Ban tambayi Zahara'u abin da ta gani ba. Ni na riƙe mata shi har ta gama gani, kuma ni ban gani ba. Ban san wanda ya fi wani asara a cikinmu ba.

Lahadi, bayan la'asar.

Baƙi sun ragu. Ina naɗe waya zan kwance dish in kai shi bayan gida, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta rame cikin kwanakin nan fiye da yadda Namadi ya rame a hamada. Ta ce in zauna. Ta daɗe tana gyara bakin tabarma da yatsa.

"Na san tsoho na," ta ce. "Ba sai ka faɗa mani ba. Wa ka kwana ashirin da riga guda, wuri guda?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Ba dogon nika so ba. Gajeren, na farko, inda yake zaune lafiya lau ya ɗago kai. Kana iya samo mani shi?"

Na ce, "Sun daina sa shi, Inna."

Ta ce, "To." Ta juya fuska bango.

Litinin, bayan asuba.

Na mayar wa dish wayarsa. Na fara nema daga gabas.